Daga Takardar Likita Zuwa Bakin Majinyaci: Gurbin Masanin Magunguna a Kula da Masu Ciwon Suga

A ranar da ake ganin masu ciwon suga a manyan asibitocin gwamnati na Arewa, layi kan fara ne tun bayan sallar Asuba. Mutum zai fito bai karya ba saboda gwaji, a caki yatsarsa, ya jira kati, ya jira likita. In ya samu shiga, 'yan mintuna ne rabonsa, domin benci cike yake da masu jira. Daga nan sai ya nufi famasi da takarda a hannu. Can ma layi ne. Ta 'yar taga zai miƙa takardar, ta nan kuma za a miƙo masa leda. A jikin kowace ambulan an ja zane ɗaya ko biyu ko uku da biro, an faɗa masa a gurguje: wannan safe da dare, wannan da safe kawai. Shi ke nan, sai bayan wata uku.

Abin da zai faru da waɗannan ƙwayoyi a cikin watanni ukun nan, a gida, inda babu likita babu nas, shi ne zai nuna ko mutumin zai kai shekara goma masu zuwa da idanunsa da ƙodarsa da ƙafafunsa biyu. A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani rahoto a kan masu cututtukan da ake daɗewa ana jinyarsu, inda ta ce ko a ƙasashe masu arziki kusan rabinsu ne kawai ke shan magani yadda aka umarce su, kuma a ƙasashe masu tasowa lamarin ya fi haka muni. Ke nan likita zai iya gano ciwo daidai, ya rubuta magani daidai, amma aikin ya lalace a tsakanin takardarsa da bakin majinyaci. Akwai ma'aikacin lafiya da aka horar shekara biyar ko shida don ya tsare wannan tsakanin. Shi ne masanin magunguna, kuma a yawancin asibitocinmu an bar shi yana ƙirga ƙwaya da rubuta rasit.

Ciwon da ke ɓarna a ɓoye

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya. Miliyan 24 daga cikinsu suna yankin Afirka, kimanin miliyan 3.6 a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Ƙungiyar ta yi hasashen cewa adadin na Afirka zai kai miliyan 55 a shekarar 2045. Kusan tara cikin kowane goma suna da nau'i na biyu ne, wanda ke kama manya, inda jiki ke daina jin insulin ɗin da yake samarwa. Nau'i na farko ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin kullum.

Wahalar wannan ciwo ita ce ba ya hana mutum zuwa kasuwa. Suga zai iya zama a sama shekara da shekaru mai shi yana jin garau, alhali a hankali yana cinye ƙananan jijiyoyin jini na ido da na ƙoda, yana kashe jijiyoyin jin zafi na tafin ƙafa, yana toshe manyan hanyoyin jini na zuciya da na ƙwaƙwalwa. Ranar da ɓarnar ta bayyana, ta riga ta yi nisa: gani ya dushe, ƙusa ta soki ƙafa ba a ji ba har ta zama gyambo, ko likita ya fara maganar wankin ƙoda.

An daɗe da tabbatar da cewa ana iya kauce wa mafi yawan wannan. Wani babban bincike da aka fara a Birtaniya a 1977, aka bi mutum fiye da 5,000 har aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya dogara da gwajin da ake kira HbA1c, wanda ke auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, don haka yake nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku. Masu binciken sun gano cewa duk saukar da aka samu ta maki ɗaya a wannan gwaji tana tafiya da raguwar lalacewar ido da ƙoda da kusan kashi 37 cikin 100, da raguwar mutuwar da ke da nasaba da ciwon da kashi 21 cikin 100. Ga yawancin manya, abin da ake nema shi ne gwajin ya sauka ƙasa da 7. Magungunan da za su kai mutum can suna nan, wasunsu ma tsofaffi ne masu araha. Abin da ya rage shi ne a sha su, a kan ƙa'ida, kowace rana.

Me ya sa ake barin magani?

Abu mafi sauƙi a asibiti shi ne a ce majinyaci taurin kai ne da shi. Duk wanda ya zauna ya saurari masu ciwon zai ji dalilai daban.

Na farko kuɗi ne. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar 2023 ɗin kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a ƙasar, Sanofi kuma, wanda ke cikin manyan masu yin insulin a duniya, ya ce zai koma sayarwa ta hannun dillalai. Magidancin da ke zaɓi tsakanin kwanon masara da katin magani yakan ƙirƙiro dabararsa: ya raba ƙwaya biyu, ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya ajiye ta sai ranar da ya ji jikinsa ba daidai ba. Kunya kuma ba za ta bar shi ya faɗa wa likita haka ba.

Na biyu shi ne yadda muka saba da jinya. Zazzaɓin cizon sauro ya koya mana cewa magani na kwana uku ne, in an ji sauƙi an gama. Da wannan tunani mutum ke karɓar maganin suga. Fitsarin dare ya ragu, ƙishirwa ta tafi, na'ura ta nuna lamba mai kyau, sai ya ce ya warke. Ba wanda ya zaunar da shi ya bayyana masa cewa maganin ne ya kawo lambar nan, kuma shi ke riƙe da ita.

Na uku illolin maganin ne. Metformin, wanda da shi aka fi farawa, yakan kawo tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa a makonnin farko, musamman in an sha shi ciki ba komai. Wanda aka faɗa masa tun farko cewa ya sha tare da abinci, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma damuwar takan lafa, zai daure. Wanda ba a faɗa masa ba zai ce maganin bai karɓe shi ba, ya jefa shi cikin kwaba. Glibenclamide kuwa yana sa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Manomin da ya sha shi da safe ya tafi gona bai karya ba zai iya faɗuwa a kan kunya saboda suga ya yi ƙasa sosai. In ya farfaɗo, da wuya ya ƙara yarda da ƙwayar.

Na huɗu tsoron allura ne. Da yawa suna ganin ranar da aka ce a koma insulin, ajali ya matso, domin sun ga wani ɗan'uwa da aka fara yi wa ita bai daɗe ba ya rasu. Abin da ba su sani ba shi ne an makara ne wajen fara masa. Sai kuma na biyar, wanda ba a cika faɗa a fili ba: mai magani a rediyo da a bakin kasuwa ya yi alkawarin warkarwa gaba ɗaya cikin kwanaki, asibiti kuma ya ce sai dai a yi ta sha har ƙarshen rayuwa. Wanda ya gaji da jinya ba abin mamaki ba ne in ya bi mai alkawari.

Kowanne daga cikin waɗannan dalilai yana da mafita, amma sai an san wanne ne ke damun wane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zai faɗa ba sai ya samu wanda ya zauna ya tambaye shi ba da faɗa ba.

Masanin da ke zama da majinyaci

A 1966 wasu malaman harhaɗa magunguna na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka buɗe ƙaramin famasi a hawa na tara na asibitin jami'ar, kusa da gadajen majinyata, suka fara zagaye tare da likitoci. Ana lissafa wannan a cikin tushen aikin masanin magunguna mai duba marasa lafiya. A 1990 kuma wasu malamai biyu, Charles Hepler da Linda Strand, suka rubuta maƙalar da ta sauya alƙiblar sana'ar, inda suka ce nauyin da ke kan masanin magunguna bai ƙare da miƙa magani ba, har sai maganin ya haifar da sakamakon da ake nema a jikin wanda ya sha.

A aikace, aikin yakan fara ne da roƙo ɗaya: a zo da duk abin da ake sha a cikin leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Abin da ke fitowa daga ledar nan yakan ba da tsoro. Za a tarar da dattijo yana shan Glucophage da wani asibiti ya rubuta, yana kuma shan metformin da wani asibitin ya rubuta, bai san magani ɗaya ne da suna biyu ba. Haka Daonil da glibenclamide. Za a tarar da mai ciwon gwiwa yana haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kullum, alhali suga ya riga ya raunana masa ƙoda. Za a tarar da baiwar Allah tana shan dexamethasone don ta yi ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi, ga shi yana ɗaga suga sama, likita kuma yana ta ƙara mata magani bai san dalili ba. Za a tarar da wanda aka ba Septrin ko ciprofloxacin ko kwinin a kan glibenclamide, haɗin da kan iya jefa suga ƙasa. Masanin magunguna zai duba sakamakon gwajin ƙoda, domin in ta yi rauni sosai dole a rage metformin ko a dakatar da shi. Zai tuna cewa wanda ya shekara da yawa a kan metformin yana iya rasa bitamin B12, abin da ke ƙara dindirisin ƙafa. Duk abin da ya gano zai rubuta wa likita, tare da shawarar abin da ya ga ya dace.

Yadda ake tambaya ma ilimi ne. In aka ce, "Baba, kuna shan maganinku?" amsar ita ce, "Ina sha, likita." In kuwa aka ce, "Baba, mutane da yawa sukan manta, wasu kuma kuɗi ke yanke musu. A makon nan sau nawa ya wuce ku?" sai gaskiya ta fito. Idan kuɗi ne, a nemo irin maganin da wani kamfani ya yi mai rajistar hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC da ya fi araha. Idan yawan ƙwayoyin ne ya gundure shi, a nemi likita ya koma wadda ta haɗa biyu a ɗaya. Idan mantuwa ce, a ɗaura shan magani a jikin abin da ba ya wuce shi, kamar karin kumallo da tuwon dare, a kuma jawo ɗa ko mata cikin maganar. Kafin majinyaciya ta tashi, za a ce mata, "Hajiya, ku maimaita mini yadda za ku sha, in ji ko na yi bayani daidai." A nan ne ake kama kuskure tun bai bar ɗakin ba.

Mai allurar insulin ya fi kowa buƙatar wannan zama. Akwai insulin mai ƙarfin 40 a kowace mililita, akwai mai 100, kuma kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin mai 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, kuskuren da ke iya kisa. Nau'in da ke da hazo-hazo sai an murza kwalbar a hankali tsakanin tafin hannu kafin a zuƙa. Wurin allura sai an riƙa canzawa, in ba haka ba fata takan yi ƙulli, maganin ya daina shiga jini yadda ya kamata. Dole kuma shi da iyalinsa su san alamomin faɗuwar suga: rawar jiki, gumi, bugun zuciya, jiri, yunwa mai tsanani, maganar da ba ta kan hanya. In yana cikin hayyacinsa, a ba shi suga cokali uku na shayi a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a jira minti 15 a sake gwadawa. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Abin da aka gwada aka gani

A 1997 hukumar birnin Asheville da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta ga kuɗin jinyar ma'aikatanta masu ciwon suga yana cinye mata kasafi. Sai ta ƙulla yarjejeniya da su: za a ɗauke musu kasonsu na kuɗin magani da kayan gwaji, su kuma za su riƙa zama a kai a kai da masana magunguna na unguwanninsu da aka yi wa horo na musamman, waɗanda hukumar za ta biya ladan lokacinsu. Da aka fitar da sakamakon shekara biyar a 2003, fiye da rabin majinyatan sun samu saukar HbA1c a kowane zagayen gwaji. Kuɗin da ake kashewa a kan magani ya ƙaru, domin yanzu ana shan sa, amma na kwanciya asibiti ya faɗi ƙwarai, har jimillar abin da ake kashe wa kowane mutum ta ragu da dala 1,200 zuwa 1,872 a shekara. Daga baya aka kwaikwayi tsarin a wasu birane goma na ƙasar.

A Ingila, tun 2011 gwamnati ke biyan masu famasi su bibiyi wanda aka fara ba sabon magani, ciki har da na suga: a yi magana da shi bayan mako ɗaya zuwa biyu, a sake bayan wasu makonni. Binciken da Jami'ar Nottingham ta jagoranta, wanda ya raba majinyata gida biyu don kwatantawa, ya nuna masu bin ƙa'idar magani sun tashi daga kusan 60 zuwa kusan 70 cikin 100. A lardin Alberta na Kanada, inda doka ta ba masana magunguna damar rubuta magani tun 2007, wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna waɗanda suka fara insulin a hannunsu sun sauko daga matsakaicin 9.1 zuwa 7.3 cikin mako 26.

Waɗannan ƙasashe sun fi mu kuɗi da yawan likitoci, kuma duk da haka suka ga suna buƙatar wannan ma'aikaci. Babu wata na'ura mai tsada a cikin abin da suka yi. Lokaci ne aka ware, aka biya wanda ya san magani ya zauna ya yi magana da wanda ke shan sa.

Zafi, azumi, sassaƙe da jabu

Akwai abubuwa huɗu da suka sa buƙatarmu ta fi tasu.

Na farko zafi. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace. Wanda aka fara amfani da shi yakan yi kimanin mako huɗu a wajen firji in wurin bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. To a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara yakan haura 40, wuta kuma ba tabbas. Mafita tana cikin abin da muka gada. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Wani bincike da aka yi a Khartum aka wallafa a 2016 ya nuna tukwanen ƙasa irin waɗannan suna rage zafin da ke kaiwa ga insulin sosai, musamman inda iska ke bushe. A 2021 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka nuna cewa insulin da aka ajiye a yanayi irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37, bai rasa ƙarfinsa ba har mako huɗu. Mutumin ƙauye ba zai ji wannan ba sai an faɗa masa: a sa kwalbar cikin abin da ruwa ba ya shiga, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a bar ta a aljihu ko a cikin mota.

Na biyu azumi. Wani bincike a ƙasashen Musulmi 13 da aka wallafa a 2004 ya gano kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na farko suna azumtar aƙalla kwana 15 na Ramadan, kuma mummunar faɗuwar suga da ke kai mutum asibiti tana ninkawa sau bakwai da rabi a masu nau'i na biyu. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, amma mutane da yawa za su yi azumin ko an hana su, don haka gara a shirya su. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2016 ta sabunta a 2021, tare da shawarar malaman addini, sun ce a zo asibiti mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato tun a Rajab, don a tantance wanda azumi ke da haɗari gare shi, a sauya lokutan magani zuwa buɗa-baki da sahur, a rage abin da ya kamata a rage, a canza glibenclamide da wanda bai kai shi haɗari ba. Sun ce cakar yatsa don gwaji ba ta karya azumi, kuma dole a karya in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, wato ƙasa da 3.9 ko sama da 16.6 a mai ƙananan lambobi. Rikita waɗannan ma'aunai biyu kansa kuskure ne da masanin magunguna zai gyara cikin minti ɗaya.

Na uku maganin gargajiya. Zogale, shuwaka, garafuni, hulba, kirfa, habbatus sauda da ganyen darbejiya duk suna cikin abin da masu suga ke sha. Wasu daga cikinsu suna da ɗan tasiri a kan suga, abin da ke nufin haɗa su da ƙwaya na iya saukar da shi fiye da kima. Babu ko ɗaya da aka tabbatar yana warkar da ciwon, babu kuma wanda ke maye gurbin insulin ga yaro mai nau'i na farko. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba kuwa yana iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta gaji. In aka yi wa majinyaci tsawa, zai ci gaba da sha a ɓoye. In aka tambaye shi cikin mutunci, zai kawo kwalbar a gani.

Na huɗu jabu. Marigayiya Dora Akunyili, masaniyar magunguna da ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta sha faɗa cewa ƙanwarta mai ciwon suga ta rasu a 1988 bayan an yi mata allurar insulin na jabu. Lokacin da hukumar ta ƙaddamar da tsarin kankare lamba a jikin kwali a tura saƙon waya don tantance magani a 2010, da maganin suga na Glucophage aka fara gwajinsa. A 2024 an tilasta wa dillalan magani na kasuwar Sabon Gari a Kano komawa cibiyar sari ta Dangwauro don a samu ikon sa ido. Mai suga da ke shan ƙwaya kullum amma lamba ta ƙi sauka yana buƙatar wanda zai tambaye shi inda ya saye ta, ya kuma duba kwalin.

Abin da ya rage a yi

Ƙwararrun suna nan. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masana magunguna, kuma jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, suna koyar da karatun shekara shida da ya fi mai da hankali ga duba majinyaci. Abin da ya tare hanya sanannen abu ne. Ma'aikata sun yi kaɗan, waɗanda ke nan ma suna ficewa waje. Galibinsu suna birane, mutumin karkara kuwa mai kemis ya sani, wanda lasisinsa bai ba shi ikon sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. Ba wanda ke biyan ladan nasiha, don haka mai famasi ribar ciniki kawai yake gani. Sannan ga tsohuwar jayayya tsakanin ƙungiyoyin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya a kan matsayi da iko, wadda majinyaci ne ke ɗaukar asararta. Gano ciwo da jagorantar jinya aikin likita ne, ba mai ja. Tabbatar da cewa maganin da ya rubuta ya dace da sauran abin da ake sha, an iya sayensa, an fahimce shi, ana kuma shan sa, aiki ne da ke da mai shi.

Shugaban kowane asibiti zai iya ware ɗaki ɗaya da kujeru biyu kusa da ɗakin likita, ya sa masanin magunguna a ciki, ya ba shi damar karanta fayil ɗin majinyaci da rubutu a cikinsa. A fara da waɗanda suka fi haɗari: sababbin kamuwa, masu fara insulin, tsofaffi masu magunguna da yawa, da waɗanda gwajinsu ya ƙi sauka. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ɗora wa nauyin shigar da kowa, da takwarorinta na jihohi irin ta Kano, za su iya sa wannan zama cikin ayyukan da suke biya, kamar yadda suke biyan gwajin jini. Majalisar kula da sana'ar harhaɗa magunguna za ta iya horar da masu kemis su gane alamomin suga su tura mutum asibiti maimakon su haɗa masa ƙwayoyi.

Shi ma mai ciwon yana da haƙƙin da zai nema. Ya tafi da duk magungunansa, ya nemi ganin masanin magunguna, ya tambayi sunan kowace ƙwaya da aikinta, da lokacin shanta game da abinci, da abin da zai yi in ya manta, da alamar da za ta sa ya dawo da gaggawa. In kuɗi ne ya gaza, ya faɗa ba kunya, domin sau da yawa akwai mai araha da ke aiki iri ɗaya.

Wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yin sa a mako, kuma iyalai kan sayar da gona da gida kafin su sallama. Ƙafar da aka yanke tana tafiya da sana'ar magidanci da abincin 'ya'yansa. Gwamnatin da ke neman kuɗin sayen injinan wankin ƙoda ta riga tana biyan albashin mutanen da za su iya rage yawan masu buƙatarsu, kuma abin da ake nema daga gare ta shi ne ta ba su wuri da lokaci su yi aikin da aka koya musu.